Muryar Auta Ta Fi Ƙarfin Kwamfuta

Tun Auta yana yaro kowa a gidansu ya san Allah ya ba shi son waƙa, ya hana shi murya. In ya ɗauki waƙa a banɗaki, Inna kan ƙwanƙwasa ƙofa ta tambaya ko famfo ne ya lalace. Ya girma, ya yi aure, ya buɗe shagon gyaran agogo, amma abin bai bar ransa ba. Ya kwashe tarkacen sito, ya manna kwalayen ƙwai a bango, ya jingina tsohuwar katifa a taga, ya ce daga yau nan ne situdiyo.

Da aka yi wa Inna aikin ido, likita ya naɗe mata fuska da bandeji, ya hana ta talabijin da waya. Auta ya ga dama ta samu. Zai haɗa mata waƙar gaisuwa, kowa a dangi ya sa baki, kuma a karon farko Inna za ta ji ɗanta ya rera waƙa ba ta yi dariya ba. Abin da yake so ke nan, ba ƙari.

Ranar da za a kai mata, da hantsi, kwamfutar da yake haɗa waƙar a kai ta ce ba ta san zance ba. Ma'aunin furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke ɗaukar nauyin aikin, ya cika ya yi ja wur. Waƙar takan fara lafiya lau, sai ta kama i'ina, ta yi ƙaras-ƙaras, ta tsaya. Ya nemi ya fitar da ita zuwa waya, manhajar ta sandare.

Ya rufe duk abin da ke buɗe. Ya kashe, ya kunna. Ya shiga saitin sauti ya ƙara mata lokacin numfashi. Ya ɗora ta a kan gorunan ruwan sanyi, ya kira matarsa ta zo tana yi mata fifita da murfin tukunya.

"Ni da na yi zazzaɓi ban samu wannan gatan ba," in ji ta.

Yayarsa ta bugo daga asibiti. "Auta, Inna na tambaya. In lokacin ziyara ya wuce, kai ka sani."

Auta ya ajiye wayar. Ya ce tabbas dangi ne suka yi wa kwamfutar yawa, don kowa da layinsa a cikin waƙar. Ya cire Kawu, wanda dama rabin baitinsa tari ne. Ya cire Yaya. Ya cire tafin yara. Ya saci kallon mai fifita, ya cire ta ita ma a hankali.

"Na gan ka," ta ce.

Ma'aunin ko gezau. Layi ɗaya ya rage, nasa. Wata murya mai santsi ta fito daga lasifika, tana lanƙwasa kamar ta mawaƙin rediyo, kafin ta shaƙe.

"Baban yara, wane ne wannan?"

"Ni ne mana."

"Duk zamanmu da kai ban taɓa haɗuwa da wannan bawan Allah ba."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya buɗe layin. A kan muryar nan ya jibga manhajojin gyaran murya: mai miƙe karkata, da mai cire hanci, da mai ƙara kauri, da mai gyara ɓarnar da mai ƙara kauri ya yi, da amsa-kuwwa iri-iri, sannan ya ninka ta har sai da jerin ya wuce ƙasan allo. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Ya fara cire su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya cire, ma'aunin ya sauka, muryarsa ta gaskiya ta ƙara matsowa. Da ja ya koma kore, babu abin da ya rage sai famfon nan na da. Ya mayar da dangi wurarensu, waƙa ta fita sumul. Bai yi murna ba ko kaɗan.

A asibiti ya ajiye wayar kusa da kunnen Inna. Tana ji tana kiran sunaye. "Yayarku ce wannan. Ga Kawu da tarinsa." Sai baitin Auta ya iso. Wata nas ta leƙo ta duba ƙafar gadon, ko ita ce ke ƙara.

Inna ta fashe da dariya, ta dafe bandejin da hannu biyu, har gadon na girgiza. Kunya ta kama Auta, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya miƙa hannu zai kashe, ta lalubo ta riƙe masa wuyan hannu.

"Bar ta. Tun da aka rufe mini ido, likita da nas da mai shara duk murya ɗaya nake jin su, sai in rasa ina nake. Wannan kuwa ko a tsakiyar kasuwa na ji ta, na san ɗana ne." Ta goge hawayen da ya silalo ta ƙarƙashin bandejin. "Mayar da ita baya, Auta. Wurin naka."