Motar da Na Rufe da Labulen Falona

Ni ce na rufe motar da hannuna, kuma da labulen falona. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya sa ni cikin jerin waɗanda hankalinsu ya tafi hutu a kullen korona na shekarar 2021.

A unguwar Titiwangsa ta Kuala Lumpur muke zaune, hawa na goma sha biyu, ni da mijina Bahauddeen da 'yarmu Hadiyya. Shi yana digiri na uku a jami'ar da ke titin Jalan Semarak, kuma shi ne sakataren ƙungiyar ɗalibanmu 'yan Arewa. A ginin da ke kallon namu abokinsa Salisu yake da matarsa Hussaina. Jirgi ɗaya ya kawo su daga Kano, shi da mijina. Bayan ƙaramar salla korona ta kama Salisu, ya yi kwana tara a asibiti, Allah ya karɓi abinsa. Mutum biyu kawai aka bari su tsaya daga nesa a maƙabarta, mijina ne ɗaya. Ya dawo ido jajur, ya tsaya a ƙofar Hussaina da takunkumi a fuska, ya ce duk wani abu na takarda ta bar shi a wuyansa. Ta miƙo makullin motar marigayin, ta roƙe shi ya riƙa tayar da ita kada batir ya mutu. A gabana ya maƙala shi cikin makullansa.

Abin takardar kuwa ba wasa ba ne. Izinin zaman Hussaina a jikin na mijinta yake, kuma zai ƙare a tsakiyar Yuli, ranar wata Alhamis. Takabarta ba za ta cika ba sai ƙarshen Satumba. Ba ta roƙi kowa komai ba sai abu ɗaya: ta ƙarasa takabar a ɗakin da ta zauna da Salisu, a ƙasar da aka binne shi. Ofishin ɗaliban ƙasashen waje ya ce abin mai yiwuwa ne, in wakilinta ya kawo fasfonta da shaidar rasuwa da wuri, su rubuta wa hukuma a nema mata ƙari. Wakilin da ya sa hannu Bahauddeen ne, takardar izinin fita a kulle ma da sunansa take. Na karɓo takardun a ambulan mai ruwan ƙasa na ajiye masa a tebur. Nan ambulan ɗin ta zama wurin ɗora kofin shayi.

Salisu ya ajiye motarsa ne a filin da ke tsakanin gine-ginenmu, ranar da ya dawo da zazzaɓi. Tagar Hussaina tana kallon wurin. Wata rana ta kira ni tana kuka, ta ce duk safiya in ta ɗaga labule sai ta ga kamar yanzu zai buɗe ƙofar ya fito da ledar tapau, abincin da ya sayo a hanya, a hannu. Ban yi wani dogon tunani ba. Na kwance labulen da na saya a kasuwar Chow Kit, mai zanen baƙi da fari a ƙudundune kamar mahaukaci ne ya zana shi, na sauka na lulluɓe jikin motar har lamba, na ɗaure da igiyar shanya da salatef. Yadin bai kai gilasai ba. Iska ta yi ta ɗaga shi ta baya, sai na gindaya sandar mofa a kan but na ɗaure.

To, a wannan lokacin ne maza suka samu abin yi. Wata jita-jita ta ɓulla cewa kamfanin da ke ƙera irin motar da rabin iyalan Kuala Lumpur ke hawa, mai ƙofa huɗu ɗin nan da ake kai yara makaranta, zai fito da ta tsere. Kamfanin bai ce uffan ba. Amma zauren WhatsApp na ƙungiya, wanda aka buɗe don sanarwar haihuwa da rasuwa, ya koma garejin kanikawa. Mutum arba'in da ɗoriya, yawancinsu ko lasin ba su da shi, kowa ya zama gwani. Har suna suka raɗa mata, wai Damisa. Dokar kulle ta ce ba mai wuce kilomita goma daga gidansa, su kuma suna ta musu ko Damisa za ta yi ɗari biyu da hamsin a awa ko ɗari biyu da saba'in.

Ranar wata Talata da hantsi na ji Bahauddeen ya ƙwala kira daga baranda.

"Maman Hadiyya! Zo ki gani, wallahi ita ce!"

Na fito hannuna duk gari. Yana nuna ƙasa da waya.

"Wace ce?"

"Damisa! Haka suke yi in za su gwada sabuwar mota, sai su naɗe ta da wannan zanen don kada a gane shape ɗinta. Camouflage ke nan. Sun ɓoye ta a nan saboda lockdown, ba wanda zai lura."

Na leƙa. Labulena ne, yana shan rana. Na buɗe baki zan faɗa masa, sai na fasa. Mutumin nan makullin motar yana aljihunsa wata guda cur, bai ma san inda take ajiye ba. Na rufe bakina na koma kicin.

Hoton da ya ɗauka daga hawa na goma sha biyu dishi-dishi ya fito, amma kafin azahar ya zagaye zauren. Dakta Abdulbasit, wanda ke nazarin injina, ya zana jajayen layuka a kan hoton ya turo bayani na minti goma sha ɗaya. Da kunnena na ji, don mijina a lasifika yake sa komai.

"Ku duba yadda ta zauna ƙasa. Wannan lowered suspension ne, ba shakka. Sannan wannan tudun na baya spoiler ne. A lissafina ba za ta gaza ƙarfin doki ɗari uku ba."

Tayoyin ne suka sace, shi ya sa ta zauna ƙasa. Tudun kuma sandar mofata ce. Gwamnati ta ɗauki nauyin mutumin nan shekara huɗu ya karanci inji.

Na'Allah, mai shagon waya a Chow Kit da kulle ya zaunar a gida, shi ya ce yana da wani ɗan China a cikin kamfanin. Na'Allah kullum yana da wani ɗan China a wani wuri.

"Salansa huɗu ce lah, ya tabbatar mini. Duk mai so ya yi magana yanzu, boleh, ba matsala, ni zan saka sunansa a layin farko."

Mutum bakwai suka ba da suna. Ɗaya daga cikinsu keken haya yake hawa zuwa jami'a. Aka rabu gida biyu, 'yan salansa huɗu da 'yan salansa biyu, har wani ya fice daga zauren da fushi, aka bi shi da ban haƙuri aka dawo da shi. A duk tsawon makonnin nan ban ji wanda ya ce, wai ya Hussaina take ba.

Ni kuwa ban fasa tuni ba. Da safe in ce, "Baban Hadiyya, takardun Hussaina." Ya ce ofis a rufe yake. In ce na kira, suna buɗewa Litinin da Alhamis. Ya ce sai ya yi booking. In ce to yi. Ya ce gobe in sha Allah, idonsa na kan waya, yana faɗaɗa hoton labulena da yatsu biyu. Ran nan har ce mini ya yi ba zan gane ba, abin tarihi ne ke faruwa a ƙarƙashin barandarmu. Na dube shi, mutumin da na bari gida da dangi na biyo ƙetaren teku, na ji kunya ta kama ni a madadinsa.

Duk bayan kwana biyu ina kai wa Hussaina abinci. Ba ta taɓa tambayata kai tsaye ba. Sai dai ta ce, "Yaya Sakina, yau nawa ga wata?" alhali ga kalanda a bangonta. Ta rame, zoben aurenta har juyawa yake a yatsa. In ce mata ana kan yi. Ta ce Allah ya ba shi iko, ta san karatu ya yi masa yawa.

Ranar Laraba, saura kwana ɗaya, na ɗauke ambulan ɗin daga ƙarƙashin kofinsa. Bai lura ba. Na sa ta a leda, na rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, na sauka kamar zan zubar da shara, na maƙale ta a ƙarƙashin waifa. Da na dawo na tarar da shi a baranda, wurin aikinsa.

"Na ji gobe za a cire wa Damisarku rufi," na ce.

Ba ƙarya na yi ba, don na yi niyyar ɗaukar labulena.

Ya miƙe zumbur. "Wa ya ce? To ai ɗauke ta za su yi! Dole in gan ta kusa yau."

Mutumin da ya yi mako shida yana cewa fita a kulle haɗari ce, cikin minti uku ya sa takunkumi biyu da takalmi. Ya kira zauren ta bidiyo, mutum ashirin da shida suka hau, wasu da singileti. Na bi bayansa a hankali, don irin wannan ba a ba ni labari.

La'asar ce sakaliya, filin ba kowa sai kuliyoyi. Yana tafe yana raɗa a waya kamar mai farauta.

"Gentlemen, ga mu nan. Tarihi ke nan."

"Fara da salansa!" in ji Na'Allah.

Ya durƙusa ya ɗaga gefen yadin. Salansa ɗaya ce, ta yi tsatsa.

"Dummy ce," Dakta Abdulbasit ya yi saurin cewa. "Suna sa ta bogi don su rikita 'yan jarida. Duba spoiler."

Ya ja igiyar. Sandar mofa ta gangaro ta faɗi a kan ƙafarsa. Daga nan labulen ya zame gaba ɗaya. Ga fenti ruwan toka da rana ta cinye, ga sitikar jami'a, ga lotsewar da shi Bahauddeen ya yi wa bamba da kansa ranar da Salisu ke koya masa ribas. Ya tsaya yana kallon lambar. Wayar tana hannunsa, fuska ashirin da shida suna kallo tare da shi.

Wani daga cikinsu ya ce a hankali, "Wannan ba motar marigayi ba ce?"

Ɗaya bayan ɗaya hotunansu suka riƙa ɓacewa, kowa network ɗinsa ya lalace lokaci guda. Na'Allah ne na ƙarshe.

Bahauddeen ya zagaya gaba, ya ga ledar, ya ga sunansa da rubutuna. Ya juyo ya dube ni.

"Kin sani?"

"Labulen falonka ne, Baban Hadiyya. Shekara biyu kana zama a gabansa."

Ya ce bari ya nemi makulli a wurin Hussaina, ko yanzu ya kai takardun. Na ce ya laluba aljihunsa. Ya ciro makullan, ya daɗe yana kallonsu kafin ya buɗe ƙofar. Ƙamshin turaren Salisu ya buso da zafin rana, takunkuminsa na rataye a madubi. Ya zauna ya murɗa. Ko tari motar ba ta yi ba. Ya sake murɗawa, ya sake, sannan ya kifa goshi a sitiyari. Ban tausaya masa ba, Allah ya sani. Na naɗe labulena na koma sama.

Washegari tun kafin a buɗe ofis ya hau jirgin ƙasa. Bai dawo ba sai bayan la'asar. Mutanen sun yi iya yinsu, amma sun ce wasiƙar neman ƙari tana bukatar mako biyu, shi kuma ya zo ranar ƙarshe. Abin da aka samu takardar wata ɗaya ce, ta haɗa kaya ta fita. Za ta bar ƙasar da sauran kwana arba'in da ɗoriya a takabarta.

Ya ce in kai mata. Na ce ƙafarsa ƙafata.

Muka tsaya a ƙofarta. Ta buɗe kaɗan, tana daga ciki, ta karɓi takardar ta karanta har ƙarshe. Ya fara kame-kame, yana cewa kulle, yana cewa booking. Ta bari ya gama.

"Ba komai, Yaya Bahau. Allah ya saka da alheri, ka sha wahala."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya sunkuyar da kai zai juya, sai ta ƙara magana, muryarta ba fushi ko kaɗan.

"Jiya na hango ka ta taga. Da na ga ka fito da sauri ka nufo wajen gininmu, na ɗauka wurina za ka zo. Har na tashi na sa hijabi na shimfiɗa maka darduma a bakin ƙofa."

Muka kalli ƙasa mu biyu. Dardumar tana nan, ba ta naɗe ba.