Katin da Aka Tsinto a Jakar Intalla

Halimatussa'adiya tana yanke tarin wani likitan dabbobi daga hirar da za a sa da yamma, sai mai gadi ya leƙo ya ce wani tsoho daga Tagriss yana nemanta. Shekararta shida a rediyon garin Dakoro tana haɗa shirye-shirye, kuma duk wanda hotunansa suka ɓace ko salularsa ta ƙi magana, wurinta ake turo shi, ko da yake ba aikinta ba ne.

Tsohon ya shigo ya jingine sandarsa a bango. Dogo ne, siriri, rawaninsa ya rufe masa baki. Bayansa wata matashiya ce da goyo, ta tsaya bakin ƙofa ta ƙi zama. Ya ce sunansa Agali, wannan kuma Rahma ce, matar ɗansa Intalla.

Bai yi saurin shiga maganar ba. Sai da ya sha ruwa, ya tambayi aiki da zafi, sannan ya kwance bakin rawaninsa ya fito da wani ƙyalle da aka ɗaure sau uku. A ciki akwai katin memwar na salula, bai kai farcen ɗan yatsa ba.

Bara, in ji shi, fari ya cinye musu awaki, sai Intalla ya hau motar masu zuwa arewa neman aiki. Sau ɗaya ya kira daga Agadas, daga nan shiru. Wata biyu da suka wuce wani direba mai suna Kimba ya ci karo da wata mota a cikin hamadar Tenere, nesa da hanya. Soji sun riga sun binne mutum goma sha bakwai da suka tarar a kewayenta, babu wanda aka gane. Ƙarƙashin kujera Kimba ya tsinci jakar fata, ya ga ɗinkin irin na wajen Tagriss ne, ya riƙa nuna ta a kasuwanni har ta zo hannun Rahma. Ita ta ɗinka ta. A cikin jakar akwai salula da rana ta narkar wa fuska, da wannan katin.

"Salula uku muka sa shi, 'yata. Kowace sai ta ce a goge shi. Mai gyara a kasuwa ya ce in bari ya goge, na ce a'a." Ya dubi ƙofa. "Malamai sun ce ba za ta shiga takaba ba sai an tabbata. Ni ma ban zauna karɓar gaisuwa ba."

Halimatussa'adiya ta karɓi katin da hannu biyu. Ta sa shi cikin gidan roba da ake sa irin wannan kati, ta tura ɗan makullin gefe ƙasa don kada wani abu ya rubutu a kansa. Tana da abin karanta kati na kasuwa a cikin durowa, amma shi ne ya ƙone mata katin wa'azin wata guda a bara, ba za ta yarda da shi ba. Saura ramin da ke gefen ordinater ɗinta, wato kwamfuta, wanda ba ta taɓa amfani da shi ba. Ta hure ƙurar ciki, ta tura katin har ya yi ƙas.

Babu abin da ya fito a allo. Ta cire, ta mayar. Ta kashe injin ta kunna. Shiru.

Ordinater ɗin tsohuwa ce, wani furoje na masu ba da agaji ya bar wa rediyon. Da ƙwayoyin cutar kwamfuta suka ishe su, Attaher, mai gyaran na'urorinsu da ke zaune a Maradi, ya share komai ya sa mata Linux, tsarin da ba a saye, kowa na iya buɗe cikinsa ya gyara. Tun daga nan ba ta sake ba ta wahala ba sai yau. Ta kira shi.

"Ramin lafiyarsa lau," in ji Attaher, ana jin ƙarar babura a bayansa. "Injin ne bai san yarensa ba. Sai kin sa masa pilot, 'yar manhajar da za ta yi masa tafinta."

"Ina zan samo shi?"

"Waɗanda suka ƙera abin ba su rubuta wa Linux ba. Amma da wuya a ce wani bawan Allah bai rubuta ba. Buɗe baƙin allon nan, ki rubuta abin da zan faɗa miki."

Ta rubuta. Jerin kayan cikin injin ya fito, can ƙasa ga mai karanta katin da lambarsa, haruffa huɗu da lambobi huɗu. Ta kwafe su a bayan takardar shirin yamma. Attaher ya ce yana kan hanyar Tasawa, rezo, wato layin waya, zai yanke, ta nema da lambar nan. Ya kuwa yanke.

Ta fita ta gaya wa Agali cewa abin zai ɗauki lokaci. Ya ce ba komai, suna da masauki wurin wani ɗan'uwa bayan kasuwar dabbobi. Amma bai tafi ba. Ya shimfiɗa buzunsa ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da ke tsakar gidan rediyon, Rahma ta zauna nesa da shi kaɗan ta juya baya tana ba ɗanta nono.

Neman ya ci mata yinin. A wani dandalin intanet na Faransanci ta tarar da mutumin da ya yi irin tambayarta shekara takwas da suka wuce, da lamba iri ɗaya. Mutum biyar suka ba shi shawara, daga ƙarshe ya dawo ya rubuta cewa ya gyara, ya gode, bai faɗi yadda ya yi ba. Ta daɗe tana kallon wannan layin. A wani wurin ta samu pilot ɗin kansa, wani ya rubuta ya ajiye kyauta, sai dai ba a gama yake ba, dole ta haɗa shi a kan injinta, kuma haɗin yana buƙatar wasu kayan da sai an sauko da su. Ta jona salularta don samun intanet. Abin ya kai kashi sittin cikin ɗari rezo ya faɗi. Ta sake. Ya kai tamanin aka ɗauke kuran, wato lantarki, batirin ordinater ɗin kuwa minti ashirin yake yi. Da la'asar ta fito ta ce su dawo gobe. Agali ya naɗe buzunsa bai tambaye ta komai ba, wannan ya fi damunta.

Washegari tun kafin ta buɗe biro, wato ofishinta, suna ƙarƙashin bishiyar. Da safe rezo ya fi ƙarfi, kayan suka sauka. Ta ba da umarnin haɗawa, rubutu ya riƙa gudu a baƙin allon, sannan ya tsaya da jan layi. Pilot ɗin tsoho ne, Linux ɗinta ya fi shi sabunta, wani suna da yake kira an canza shi. Ta kwafi jan layin ta nema. Can ƙasan wani shafi, wata mata da ba ta sa sunanta na gaskiya ba ta rubuta: a buɗe fayil kaza, layi na ɗari biyu da goma sha ɗaya, a sauya wannan kalma da waccan. Halimatussa'adiya ba ta san abin da kalmomin ke nufi ba. Ta ƙirga layukan da yatsa a kan allo, ta sauya, ta sake ba da umarni. Wannan karon rubutun ya gudu har ƙarshe.

Ta loda pilot ɗin, ta yi bisimilla, ta tura katin. Wani sabon layi ya fito a ƙasa: injin ya ga kati, giga takwas.

Ba ta buɗe shi ba. Attaher ya taɓa gaya mata cewa kati mai ciwo sau ɗaya ake roƙonsa, don haka ta kwafe shi gaba ɗaya zuwa cikin injin, ta zare shi ta mayar cikin ƙyallen. A kan kwafin ta saki manhajar tono fayiloli. Suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, babu suna sai lambobi. Waƙoƙi. Hoton wata mata mai jiki gaban kaskon tuya. Wani saurayi mai wushirya a kan babur ɗin da alama ba nasa ba ne, shi dai a hoto wajen talatin. Da bidiyo uku.

Ta sa abin ji a kunne ta kalle su ita kaɗai. Da ta gama ta cire shi ta ajiye, ta zauna har mai gadi ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Ta ce ya kira mata baƙin.

"Baba, wannan ne Intalla?" Ta nuna saurayin babur.

Agali ya matso da fuskarsa kusa da allon. "A'a. Ban san shi ba."

"To salular ba ta ɗanka ba ce. Amma yana ciki. Ku zauna."

Wannan karon Rahma ta zauna.

A bidiyon farko saurayin yana ƙarƙashin mota, inuwar ƙarfe a fuskarsa. "Sunana Jamilu, ɗan Uwale mai ƙosai, Kornaka, kusa da tasha. Yau kwana biyu da mota ta mutu. Direba ya ce ya kauce hanya ne saboda masu tsaro, yanzu shi ma bai san inda muke ba. Ruwa da saura." Har ya yi ɗan murmushi.

Na biyu gajere ne. Hoton yana rawa, sai rairayi da farin sama. Mutum uku suna tafiya, sun ba da baya, na tsakiya da bidon ruwa rawaya a kafaɗa. Muryar Jamilu ta ce, "Ga su Intalla nan za su neman rijiya. Ya ce shi ya san daji. Ya bar mini jakarsa." Na tsakiyan ya waiwayo, ya ɗaga hannu, ya juya ya ci gaba. Daƙiƙa tara ne duka.

Rahma ta ce, "A sake."

Aka sake. Ta ce a sake. A karo na biyar Agali ya ce a tsayar daidai inda ɗansa ya waiwayo. Ba fuskar yake kallo ba. Ya sa yatsa a kan inuwar mutanen uku, ya bi ta har ƙarshenta.

"Da wane lokaci aka ɗauki wannan?"

Halimatussa'adiya ta duba. "Ƙarfe bakwai da 'yan mintoci na safe."

"Gabas suka yi."

"Akwai rijiya a gabas, Baba?" in ji Halimatussa'adiya.

Ya janye yatsansa ya gyara rawaninsa har ya kai ƙarƙashin ido. 

Halimatussa'adiya ta so ta hana su ganin na ukun, Agali ya ce a sa. Leɓen Jamilu ya tsage, muryarsa sai an kasa kunne. Ya ce yau kwana huɗu da tafiyar su Intalla, ba su dawo ba. Ya ce wasu mata biyu da yaro sun rasu jiya. Ya ce zai sa salular cikin jakar, duk wanda ya tsinta ya kai Kornaka. Sannan ya ce, "Inna, ki yafe mini, na ce miki Agadas kawai za ni." Sauran minti ɗayan ba ya magana, numfashi ne kawai, har hoton ya ɗauke.

Ɗan Rahma ya farka ya fara kuka, ta miƙe tana jijjiga shi. Ba ta dubi kowa ba ta ce, "Baba, da ƙafarsa ya tafi. Ba ya cikin waɗanda aka binne."

"Ba ya ciki."

"To ni yanzu me zan yi?"

"Za mu koma gida," in ji Agali. "Ba mu ga gawa ba."

Halimatussa'adiya ta tura wa Rahma bidiyon na daƙiƙa tara a salularta, ta nuna mata inda za ta danna. Agali ya ɗauki ƙyallen da katin, ya juya shi a tafin hannu, sannan ya ajiye mata a kan tebur. Ya ce wannan ba nasu ba ne, kuma shi ba zai iya kai shi ba, ƙafarsa ba za ta je ba. Ya yi mata addu'a doguwa, ya ɗauki sandarsa. Ta raka su har bakin titi inda motocin Tagriss ke lodi.

Kwana uku katin yana cikin durowarta. Shugaban rediyon ya ce a yi sanarwa kawai, dangi su zo su karɓa. Ta ce ba za a gaya wa uwa irin wannan ta rediyo ba. Ranar kasuwar Kornaka ta nemi izini, ta sa ordinater a jaka, ta hau motar 'yan kasuwa tsakanin buhunan gero.

Ba ta sha wuyar nema ba. Kusa da tasha ga matar da ke cikin hoton, ta ɗan rame, tana juya ƙosai da tsinke, mutane uku na jira. Halimatussa'adiya ta tsaya gefe har suka watse, sannan ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce daga Dakoro take, maganar Jamilu ce ta kawo ta.

Uwale ta ajiye tsinken. Ta dubi jakar, ta dubi fuskar baƙuwar, ta daɗe tana dubanta.

"Ya aiko da saƙo ne?"

"E, Inna. Amma mu shiga gida tukuna. Akwai wanda za a kira ya zauna da ke?"

Uwale ta kira maƙwabciyarta mai sayar da kunu ta ce ta kula mata da kaskon. Ta goge hannuwanta a zane, a hankali, yatsa bayan yatsa. Sannan ta ce ƙanenta yana nan bayan masallaci, a biya a kira shi, ta wuce gaba Halimatussa'adiya na biye da ita.