Kumburi Uku Da Ba A Rubuta Ba

Shekara shida ke nan Autanmu yana cikin binciken asibiti. Jininsa ba ya daskarewa. Ɗan bugu kaɗan, sai gaɓa ta kumbura. Suna yi masa wata sabuwar allura, mu kuma aikinmu ɗaya: duk ranar da ya yi jini ko kumburi, mu rubuta a koren littafin da suka ba mu, don su gane ko maganin yana da illa in an daɗe a kansa.

Ranar komawa ganin likita, na tarar da shi yana cusa ƙafa a wando yana cije leɓe. Na yaye wandon. Gwiwar ta yi suntum, ga zafi rau.

"Tun yaushe?"

"Karo na uku ke nan, Baba."

Na buɗe littafin. Wata biyar babu ko ɗigon biro. Uwarsa ce ke rubutawa, ni kullum ina gareji.

"Ke! Me ya hana ki rubutawa?"

"Rage murya, Baban Auta. In na rubuta suka cire shi, kai za ka ƙera masa allurar? Ka manta lokacin da kake goya shi zuwa banɗaki?"

"To ɓoyewar ce za ta sace kumburin? Wa kika cuta, likita ko ɗanki?"

"Kai dai ka iya ihu. Ni ke ɗora masa ƙanƙara."

Muka ɗunguma mu uku sai asibiti. Nas ɗin binciken ta duba littafin, ta washe baki.

"Madalla! Wata biyar ba jini ba kumburi! Irinsa ne likita ya ce za a rage wa yawan allura daga wata mai zuwa."

Uwarsa ta take mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na janye.

"Malama, littafin nan ƙarya yake yi. Auta, ɗaga wandonka."

Fara'ar nas ta ɗauke. Aka kira likita, aka ɗebi jini kwalba uku. Ya ce wani lokacin jiki kan soma yaƙar maganin, kuma sai sakamako ya fito nan da mako biyu za su san ko yaron zai ci gaba.

Nas ta tura littafin gaban uwarsa. "Mama, ranakun fa?"

Ta rubuta duka ukun, har da ƙarfe nawa, ba ta ko tsaya tunani ba. Sannan ta wurgo mini biron a ƙirji, ta kama hannun ɗanta suka fice.