Hoton Fasfo Huɗu

"Ba zan ɗauka ba, Kawu."

Na rufe idon kyamara da murfinta, na ajiye ta a kan tebur. Kawu, yayan mahaifiyata kuma mai shagon hoton da nake aiki, ya leƙo ni ta saman tabarau. A kan benci samari bakwai ne, kowa da fom ɗin shiga soja a hannu, kowa ya sha aski har ƙeya tana sheƙi. Gwamnati ta ce za ta ƙara tura dakaru yaƙin nan na ƙetare, kuma ba a karɓar fom sai da hoton fasfo huɗu.

"Lauya," in ji shi, don haka yake kirana tun da na gama jami'a na dawo gida da baki, "hoto na ce ki ɗauka, ban ce ki tuƙa musu jirgi ba."

Samarin suka yi dariya. Wanda ya fi kowa buɗe baki shi ne na ƙarshen benci, ƙanina Auta.

Ina da dalilina. Bara ni na ɗauki hotunan rukunin farko. Hoton fom yana da ƙa'ida: farin ƙyalle a baya, a ɗaga haɓa, kunnuwa biyu su fito, ban da murmushi. Kwana uku na yi ina ce wa 'ya'yan mutane, "Rufe haƙoranka." Bayan wata shida iyaye matan da aka kawo musu labarin rasuwar 'ya'yansu suka fara zuwa da ɗan hoton nan a ninke cikin takarda, suna cewa a wanke musu shi babba, a sa a firam. Goma sha ɗaya na yi da hannuna. Wata tsohuwa ta daɗe tana kallon nata, sannan ta ce, "'Yata, ba za ki iya sa masa ɗan murmushi ba? Shi fa mai fara'a ne." Na kasa gaya mata ni ce na hana shi.

"Kai kuma," na ce da Auta, "wa za ka yaƙa? Ran da ɓera ya shigo kicin a kan kujera muka same ka."

"Dabarar yaƙi ce, Yaya. Kama tudu."

Kawu ya ɗauki kyamarar da kansa. Rabonsa da ita shekara biyar, tun da idonsa ya fara hazo. Na farko ya yanke masa kunne, na biyu ya fito kamar ana nemansa ruwa a jallo. Kafin ya kai na uku benci ya watse, duk sun tafi wurin mai hoton bakin gidan waya, wanda ke rataya zanen gado a jikin katanga.

Washegari Kawu ya mayar da ni kan injin kwafi. Aka kawo fom, na ce shi ma ba zan kwafa ba. Ya miƙo mini tsintsiya.

"Wannan dai ba ta taɓa tura kowa yaƙi ba," in ji shi. "Ko ita ma kin karanta laifinta?"

Na karɓa. Mako uku ina shara da goge gilashi, da digirina. Tela na maƙwabta yana gaishe ni da "Ranki ya daɗe, Ministar Zaman Lafiya," ni kuma ina amsawa da kyau, don muƙamin ya dace da ni. Duk saurayin da ya shigo da fom sai na nuna masa firam biyun da har yau ba a zo karɓa ba. Ɗaya ya naɗe fom ɗinsa ya fita. Ban sani ba ko fasawa ya yi, ko gidan waya ya nufa.

A gida Mama ta ce, "Ni ma ba na son tafiyar nan. Amma ni ban ga laifin kyamara ba."

"Mama, kowa ya ce nasa ƙarami ne. Mai hoto, mai ɗinki, mai buga hatimi. Haka ake cika jirgi."

"To, Allah ya ba ki wanda zai saurare ki. Miƙo mini wuƙar nan."

Ana saura kwana biyu tafiya Auta ya same ni ina goge ƙofar shago. Ya sa farar rigar da na saya masa, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Yaya, ɗauke ni ɗaya. Ba na fom ba, an riga an karɓi fom. Na Mama ne. Zan yi miki murmushi har kunne."

Kyamarar tana kan tebur, Kawu ya kau da kai kamar yana neman wani abu a aljihu. Na ga firam ɗin nan biyu a jingine.

"Ka fasa tafiya, in ɗauke ka ɗari," na ce.

Ya yi dariya, ya taɓa mini kafaɗa, ya tafi.

Ƙarshen wata Kawu ya ɗauki wani mai hoto, ya sallame ni da albarka da kuma tsintsiyar, wai ta saba da hannuna. An tura dakarun duka, ba a rage ko ɗaya saboda ni ba. Auta yana kira jefi-jefi, ya ce in kwantar da hankalina, yana nan yana kama tudu.

Har gobe in aka ce mini hoton fom ne ba zan ɗauka ba. Amma na rasa aikina, kuma wata tara ke nan hoton ɗanta da Mama take da shi na tun da ya girma guda ɗaya ne, na mai hoton gidan waya. Ta maƙala shi a jikin madubi. Ya karkace, kunne ɗaya ya shige duhu, bakin a rufe. Na murmushin, ni na ƙi ɗauka.