Sai Ƙarfe Huɗu Ake Rufe Rajista

"Ba zan rufe ba, ranka ya daɗe. Yanzu ƙarfe biyu ne."

Magatakardan kotu ya tsaya kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi. Shi da kansa ya ɗauko rula da jan biro daga ofishinsa, ya sauko bene har ɗakin karɓar ƙararraki, abin da bai taɓa yi ba a shekara bakwai ɗin da Auta ta yi a kan wannan tebur. Ya ajiye su a kan babban littafin rajista, ya ce ta ja layi.

Aikin Auta ba mai wuyar ganewa ba ne. Duk takardar ƙarar da ta shigo, za ta buga mata hatimi mai kwanan wata, ta rubuta lamba da lokaci a rajista. Idan huɗu ta yi sai ta ɗora rula a ƙarƙashin suna na ƙarshe, ta ja layi da jan biro, ta sa hannu. Duk abin da ya iso bayan layin nan na gobe ne. Yau kuwa babu gobe, domin ita ce ranar ƙarshe da doka ta ba mai ja da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya shigar da ƙararsa, kuma lauyan ɗan takarar da aka ce ya faɗi bai iso ba.

"Agogona ya ce huɗu," in ji Magatakarda, ba tare da ya dubi hannunsa ba.

"To agogonka ba shi da lafiya, ranka ya daɗe. Ga na bango can."

Goggo, mai buga takardu, ta sunkuyar da kai cikin injinta tana neman abin da bai ɓata ba. Magatakarda ya jawo kujera ya zauna, ya sassauta murya.

"'Yata, ni na ɗauke ki aiki. Layi ne kawai. Kullum kina jan sa, hannunki bai taɓa ciwo ba."

"Ai ga biron nan a gabanka. In layi ne kawai, ka ja."

Bai taɓa biron ba, kuma ta san ba zai taɓa ba. Shafi dubu da wani abu ne a littattafan nan, kowanne da sa hannunta a ƙasa. Ranar da aka ga wani hannu daban, a irin wannan rana, ko lauyan da ya gama makaranta jiya zai tambayi dalili. Hannunta suke so, don nasu ya zauna fes.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne yadda kowa ya riga ya saba. Mako uku ke nan da aka ce shugaba ya sake cin zaɓe. A cikinsu an rufe gidajen rediyo biyu, an yi wa alƙalai uku ritayar da ba su nema ba, an cika bencin barandar kotu da wasu maza masu hular jam'iyya waɗanda ba su da shari'a, ba su da aiki sai kallon mai shiga da mai fita. Mutanen da a da suke cika ɗakin nan da gardamar siyasa har a rasa mai jin wani, yanzu zancensu bai wuce zafin rana ba. Ita fa ko mai ƙarar ba ta zaɓa ba. Ba ta son muryarsa, ba ta yarda da alkawuransa ba. Amma ba a ɗora ta a teburin nan don ta so wani ba.

Magatakarda ya haura sama. Da biyu da rabi wayarta ta yi ƙara. Yayanta ne, wanda makon jiya aka naɗa mai ba minista shawara.

"Auta, wai ke wace irin yarinya ce?"

"Ina wuni, Yaya. Ashe labarin rulata har ya kai ma'aikatarku?"

"Bar wasan nan. Kin san su waye suka kira ni? Ke kaɗai ce mai ilimi a ƙasar nan? Alƙalai ma sun kama bakinsu, sai ke akawu?"

"Su suka san abin da suka rantse a kai. Ni an ce mini huɗu."

"Kujerata ko ɗumi ba ta yi ba za ki jawo mini. Ki tuna da Umma."

"Ina tune da ita. Ita ta ce in na fara aiki kada in yi ha'inci. Kana wurin, Yaya, kai ka ce amin da ƙarfi."

Ya kashe wayar.

Da uku saura kwata masinja ya shigo da tsani, ya ce an aiko shi ya sauke agogon bango, za a kai gyara. Tsoho ne, gwiwoyinsa na rawa a kan matakala. Auta ta tashi ta riƙe masa tsanin.

"Baba, me ya same shi?"

"Wallahi ban sani ba, 'yar nan. Ni dai na ga yana tafiya."

"Shi ne laifinsa," in ji Goggo ƙasa-ƙasa, sannan ta toshe bakinta da hannu tana waige.

Auta ta cire agogon hannunta ta ajiye a kan rajista, inda kowa zai gani. Da uku aka ɗauke wuta. Bayan minti goma ta ji an ja ƙofar ƙarfe ta shiga kotun, an danna kwaɗo. Masu hula suka taso daga benci suka jeru a bakin ɗakin. Ɗayansu, wani mai ƙaton zobe, ya jingina da ƙyaure yana murmushi.

"Malama, ba ki da yara ne a gida?"

"Kana da ƙarar da za ka shigar? In babu, ka matsa, kana tare mini haske."

Goggo ta matso da kujerarta.

"Auta, don girman Allah ki ja abin nan mu tafi gida. Ƙarar nan ko ta shiga, kin san inda za ta ƙare."

"Na sani, Goggo. Su kore ta a sama, da bakinsu, a gaban mutane. Ba a teburina ba."

Huɗu saura minti ashirin aka ƙwanƙwasa tagar bayanta, wadda ke kallon titi. Wani dattijo ne, rigarsa sharkaf da gumi, yana rungume da kwali. Ya ce shi ne lauyan mai ƙara. Shinge biyar aka tsayar da shi a hanya, a na ƙarshe aka karɓe makullin motarsa, sai ya taho da ƙafa, ga shi kuma ya tarar da ƙofa a kulle.

"Doka ta ce takarda ta shiga hannun akawu," in ji Auta. "Ba ta ce ta ƙofa ba. Miƙo."

Kwalin ba zai wuce tsakanin ƙarafan tagar ba, don haka ya riƙa zaro takardun ɗauri-ɗauri yana turowa. Tana karɓa tana buga hatimi, ƙarar bugun tana cika ɗakin da ya yi tsit. Mai zobe ya taka ƙafa ɗaya ciki, sai ya hango mutanen titi sun taru a bayan dattijon, wasu sun ɗaga wayoyi, ya koma da baya. Ta rubuta lamba, ta rubuta huɗu saura minti shida, ta miƙa wa lauyan shaidar karɓa ta tagar. Ya buɗe baki zai yi godiya.

"Ba don kai na yi ba, Baba. Ka je ka nemi ruwa ka sha."

Ta zauna ta harɗe hannu tana kallon agogonta. Da huɗu ta cika, ta ja layin, ta sa hannu.

Washegari takardar dakatarwa ta riga ta isa ofis. Kwamitin da aka kafa ya zauna sau ɗaya, ya same ta da laifin karɓar takardun kotu ta taga da rashin ladabi ga na gaba. Ta nemi a rubuta cewa an kulle ƙofa, shugaban kwamitin ya ce ba wannan aka tara su su bincika ba. Aka sallame ta daga aiki. Ƙarar kuwa an saurare ta bayan wata guda. Sababbin alƙalai suka kore ta cikin minti goma sha ɗaya.

Ranar da ta kwaso kayanta daga gidan ma'aikata ta dawo ɗakin da ta bari tun tana ɗaliba, Umma ta zauna a bakin gado tana kallonta tana jera littattafai a ƙasa, don babu kanta.

"Yayanki ya ce ba zai ƙara taka gidan nan ba in kina ciki."

"Na ji."

"Wurare nawa kika kai takardunki?"

"Tara. Da sun ga sunana sai su ce a dawo wani watan."

Umma ta murza gefen zanenta.

"To ni ki faɗa mini, Auta, don in san abin da zan ce wa mutane. Me kika samu?"

Auta ta ajiye littafin da ke hannunta, ta miƙe zaune sosai.

"Ban samu komai ba, Umma. Aikin shekara bakwai ya tafi, gida ya tafi, Yaya ya tafi, kuma babu mai ɗaukata aiki muddin mutanen nan suna kan mulki. In sun tambaye ki, haka za ki ce musu. Kada ki rage ko ɗaya."