Motar da Merle Ya Kasa Ja da Baya da Ita

Duk watan Janairu, in ƙanƙara ta rufe arewa, mu tsofaffi mukan gangaro hamadar Arizona da gidajenmu masu taya, wai neman kaɗaici. Sai dai masu neman kaɗaicin mun kai dubbai. A sansanin da nake sauka, in maƙwabcinka ya yi atishawa, kai za ka riga matarsa yi masa sannu.

Bana filin da ke hagu da nawa Merle Pruitt ya samu, shi da matarsa Darlene. Daga Minnesota suka zo, inda Merle ya yi ritaya daga aikin raba wasiƙu. Motarsu tsohuwa ce, ƙarama, ruwan ƙasa. In Merle zai sa wando sai Darlene ta fita waje. Ba su taɓa ganin aibunta ba sai da Gordon Haskew ya faka kusa da su.

Motar Gordon kuwa, fara mai ratsin zinariya, in ya danna maɓalli sai ɗakuna su ɓullo ta gefe da gefe. Har talabijin gare ta a jikinta ta waje. Da yamma, in rana na faɗuwa bayan duwatsu, Gordon yakan juya mata baya ya kalli shirin dabbobin hamada.

"Maƙwabci," ya ce wa Merle, "wannan taka a ciki kuke kwana, ko ta ajiye shirgi ce?"

Merle ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Washegari ya ce a je baje kolin motoci da ake yi a bakin gari. Darlene ta roƙe ni in raka su, ita wuƙar yankan albasa kawai take nema.

A cikin ƙaton tantin 'yan kasuwa na wurin baje kolin ba masaka tsinke. Ga mai man ciwon gwiwa, ga mai tutoci, ga mai sayar da duwatsun da ya tsinto a bayan tantin. Muna fita filin motoci wani dillali mai fararen haƙora, Dwayne, ya tare Merle.

"Yallaɓai, daga tafiyarka na gane ka saba da manyan motoci."

"Motar wasiƙu na tuƙa."

"To ai magana ta ƙare! Wannan ma motar wasiƙu ce, ta dai ci ta ƙoshi. Bismillah, hau ka gani."

Muka hau. Darlene ta leƙa nan ta leƙa can, ta dawo ta ja hannun rigar mijinta.

"Merle, banɗaki biyu ne fa a ciki."

"Shi ya sa. Kowa da nasa."

"Tun aurenmu muke layi a kan guda, wa ya mutu?"

Merle bai ji ta ba. Ya matsa kusa da Dwayne ya yi ƙasa da murya. "Akwai wata a sansaninmu, fara mai ratsin zinariya. Wannan ta fi ta tsawo?"

"Wannan samfurin? Ta fi ta da kamu guda cur."

Kafin azahar Merle ya sa hannu, ya bar musu tsohuwar a matsayin musaya. Darlene ko wuƙar ba ta saya ba.

Hanyar dawowa miƙaƙƙiya ce, don haka lafiya lau muka iso. Amma filin Merle da baya ake shigarsa. Yana sa giyar baya, tsofaffin sansani suka fito da kujerunsu na naɗewa, wasu har da gwangwanin giya a hannu, suka jeru.

"Karya hagu!"

"Wace hagu? Dama, Merle, dama!"

"Taho, taho, akwai wuri... tsaya! Kai, tsaya mana!"

Igiyar shanyata ce ta fara tafiya, da rigunana a kai. Sai teburin cin abinci na wasu mutanen Kanada. Darlene na can baya tana kaɗa hannuwa, shi kuwa ba ya ko hango ta. A karo na ƙarshe gindin motar ya tsaya saura ƙiris ya sumbaci talabijin ɗin Gordon.

"In kana so in shigar maka da ita, kar ka ji nauyi," in ji Gordon.

Merle ya share gumi, ya sa giyar gaba. Ya zagaya sansanin a hankali, mu kuma muna biye da shi da kujerunmu, har ya sami wuri ɗaya tak da za a iya shiga ba tare da ja da baya ba: gefen ramin da kowa ke zuwa juye tankin banɗakinsa. Ya kashe mota ya sauko.

"Dama nan nake so," ya ce. "Akwai iska."

Iska kam akwai ta.

Bayan 'yan kwanaki Gordon ya dawo daga baje kolin da tsohuwar motar Merle, an wanke ta an goge tana ƙyalli. Dwayne ya gaya masa irinta ba a ƙerawa yanzu, kuma manyan mutane sun koma yayin rayuwa mai sauƙi. Gordon bai taɓa kwana a ciki ba, amma yakan zagaya da baƙi su gani. Matarsa Lorraine ce ta karɓe makullin. Ita da Darlene suka riƙa fita da ita cikin daji da sassafe, da butar shayi, su dawo da rana tsaka suna ƙyalƙyala dariya.

Shi kuwa Merle, duk wanda ya zo juye tanki sai ya ɗauka shi ne mai kula da ramin. Da farko yana musawa. Daga baya ya gaji, ya fara riƙe musu tiyo. Kafin wata ya ƙare ya san kowa da sunansa da na karensa, ya tsara layi, ya hana tsallake. Mai sansanin, Misis Ybarra, ta ba shi hula da usur. Ban taɓa ganin mutumin da hula ta yi wa daɗi haka ba.

Da Maris ya kama aka fara watsewa. Darlene ta ce a kama hanya. Merle ya dubi ƙofar sansanin, inda sai an sha kwana mai tsanani kafin a hau titi, ya ce shi aiki ya riƙe shi, ba zai bar mutane cikin ruɗani ba.

Darlene ba ta ja maganar ba. Ta haɗa jakarta ta shigo motata, tunda ni ma arewa na nufa. Muna wucewa ta gaban ramin Merle ya busa mana usur, wai mun cika gudu. Darlene ta sauke gilashi.

"Maganin hawan jininka na cikin banɗaki na biyu!" ta ƙwala masa. Sannan ta gyara zama ta ce mini, "Taka mota, ƙawata. In zafi ya gasa shi zai nemo direba."