Saƙon da Jibo bai kai ba

Ranar Talata ce, cikin bazarar shekarar da kogin Isa ya janye har yara suna tsallaka shi da ƙafa. Tun da hantsi rana ta take, kwanon rumfa sai ƙas-ƙas yake yi don zafi. Jibo mai guga ya ɗaga dutsen gugarsa zai kaɗa garwashi, sai hannun ya ƙi, dutsen ya faɗi, gawayi ya watse a ƙofar shagon Malam Harouna tela.

Adamu ya taso daga kan keke ya tare shi. Jibo ya ce ba komai, yunwa ce take gaishe shi, amma jikinsa ya yi zafi kamar dutsen da ya yar. Aka samo taksi aka ƙetara da shi gada zuwa ɗakinsa a unguwar Harobanda.

Adamu shi ke auren Balkisa, ɗiyar fari ta Malam Harouna, kuma tun bayan bikin yake ɗinki a shagon surukin nasa a unguwar Maourey. Kekuna biyu ne a ciki, an jera su baya da baya don kada surukai su haɗa ido. Da safe Adamu ya durƙusa ya gaida tsohon, tsohon ya amsa yana kallon bango, maganarsu ta yini ta ƙare ke nan. Sauran duk ta hannun Jibo take bi, wanda teburinsa ke bakin ƙofa. Shi Bazabarme ne, Malam Harouna Bagobiri, taubasai ke nan, ba abin da ɗaya zai faɗa wa ɗaya ya zama laifi.

Malam Harouna zai ce, "Jibo, a gaya wa mutumin nan wuyan rigar ya yi faɗi."

Jibo ko juyowa ba ya yi. "Adamu, bawana ya ce wuya ya yi faɗi. Ka yi haƙuri, da nasa wuyan ya auna."

Haka awo yake tafiya, haka ranar karɓar kaya, haka ƙorafin masu kaya, alhali su biyun kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa.

To fari ya zo. Wanda ke tsayawa layi a bayan kamiyon soji, babbar motar rabon hatsi, don jar dawa ba ya tunanin sabuwar riga. Aiki ya koma faci da rage wando, don kowa ya rame. Adamu ya yanke shawara zai sayar da kekensa ya bi abokansa Abijan, ya bar Balkisa da goyo a gidan ubanta. Wannan ba maganar da ake jefawa ta saman kafaɗa ba ce. Ya ja Jibo bayan shago ya ba shi saƙon. Jibo ya ce a bar shi ya nemi ranar da Bagobirin ya ƙoshi. Ranar ba ta zo ba har ya kwanta.

Da Jibo ba ya nan, shagon ya zama kamar gidan kurame. Wata mata ta kawo atamfa Adamu yana kasuwa, tsohon ya karɓa ya ajiye bai gaya masa ba. Adamu ya dawo ya ɗauka ta wata ce, ya yanka da awon waccan. Matar ta tsaya a titi ta wanke su tas, su biyun kowa ya sunkuyar da kai kan kekensa. Ga kuma direban da zai tafi da Adamu yana ta aiko cewa Lahadi motarsa za ta tashi, ba zai jira kowa ba.

Ran Juma'a Adamu ya je dubiya. Ya tarar da Jibo kwance a tabarma, matarsa Mariyama tana yi masa fifita. An kai shi likita, an ba shi ƙwayoyi, an ce ya riƙa cin abinci mai kyau; da Mariyama ta maimaita wannan, Jibo ya yi dariya har tari ya kama shi. Adamu ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya tambayi saƙonsa.

"Ban kai ba," in ji Jibo, da Hausarsa ta kasuwa. "Shi ma ya ba ni nasa in kawo maka, tun kafin naka."

"Me ya ce?"

"Ba zan faɗa ba. Ni mai guga ne, kun mai da ni jakin Gobirawa. Kayan nan biyu sun fi ƙarfina, kowa ya zo ya ɗauki abinsa."

Adamu ya roƙe shi, Jibo ya juya fuska bango, ya ce a gaida bawansa, a ce masa ya yi rowar zuwa.

Washegari da hantsi aka aiko cewa Jibo ya cika.

Malam Harouna ya ce ba wanda zai ɗinka likkafanin taubashinsa sai shi. Ba Adamu ya faɗa wa ba. Ƙofa ya faɗa wa, inda teburin Jibo yake. Ya ciro farin yadi daga ƙasan akwati ya shimfiɗa, ya ɗauki allurar hannu. Adamu yana zaune ya ba shi baya kamar kullum, yana jiran ya ji an fara. Shiru ta yi yawa, ga mutane suna jira a Harobanda. Sai ya waiwaya.

Tsohon ya ɗaga allura saitin hasken ƙofa, yana ta tura zare yana wucewa gefe, nesa da kafar. Ya lashi bakin zaren ya sake, ya sake. Nan Adamu ya tuna kullum da safe Jibo yakan shigo ya duƙa kan keken tsohon, wai yana duba ko Bagobiri ya saci zarensa. Ashe zare yake sa masa.

Adamu ya tashi, ya zagayo ta gaba, ya durƙusa.

"Baba, kawo in sa."

Malam Harouna ya miƙa masa allurar.

"Ya gaya maka?"

"A'a, Baba."

"Idon ne. Tun bara. Na ce ya ce maka ka riƙe shagon, ni in koma karɓar baƙi." Ya shafa yadin. "Ya ce kai ma kana da magana."

Adamu ya zura zaren, ya ƙulla bakinsa. Ya ce da akwai, amma ta wuce.

"To riƙe can," in ji tsohon.

Suka ɗinka, ɗaya na riƙe ɗaya na soka allura. Kafin la'asar an kai Jibo.

Ran Lahadi motar Abijan ta tashi, ba Adamu a ciki. A shago an juya keke ɗaya, yanzu suna kallon juna, ko da yake har yau Malam Harouna bango yake kallo in zai yi magana. Abin da Jibo ya bari Mariyama ta zo ta kwashe: dutsen guga biyu, buhun gawayi da ya kusa ƙarewa, da rediyon da ba batir. Teburin ta ce a bar shi nan. Akwai wata riga a kansa, a goge a ninke, mai ita bai zo karɓa ba.